Gashin Bakin Injiniya Zarwali

Duk kasuwar maƙeran bindiga ta Darra babu mai ilimi kamar Zarwali. Shi da kansa ya tabbatar mana da haka, ba sau ɗaya ba. Shekara biyu ya yi a Dubai yana gadin ƙofar wata masana'anta, ya dawo Injiniya. Mu muka ƙara masa da Milimita, domin ko burodi aka miƙa masa sai ya faɗi kaurinsa.

Wata Laraba Malik Dostan, dattijon ƙauyenmu, ya zo da tsohuwar bindigar kakansa. Ranar Juma'a za a yi gasar harbi da mutanen ƙetaren rafi, waɗanda suka kayar da shi bara, har yau kuma suna aiko masa da gaisuwa. Matsalarsa ita ce madanni, ɗan ƙarfen nan mai kwarmi a baki da ke tura harsashin darma cikin rami don daidaita kaurinsa. Nasa bai dace da kan harsashin ba, kowanne ya fito sai ka gan shi a lotse.

Wurin tsohon maƙeri Ustad Mirzaman ya nufa, amma Injiniya ya tare shi a hanya.

"Ranka ya daɗe, zamanin fiƙe ƙarfe da ido ya wuce. A ƙasashen da suka ci gaba gam ake zubawa a kwarmin, a danna kan harsashi, ya ɗauki siffarsa. Minti biyar. Ku zo ku ga kimiyya!"

Muka bar shayinmu muka zo. Ya kwaɓa gam kala biyu, ya cika kwarmin har yana tsiyaya, ya shafa wa harsashi mai, ya sauke hannun injin da ke riƙe da madannin. Sannan ya sunkuya, ya kanne ido ɗaya, ya kai fuska dab da aikin.

"Yanzu ba motsi. Wanda bai yi karatu ba a nan yake ɓata aiki. Ni kuwa kuskuren rabin milimita daga nesa nake jin warinsa."

Minti biyar yana mana lacca a sunkuye. Ya bi ta kan Jamusawa, ya sauka kan Japanawa, ya tausaya wa iyayenmu da suka mutu cikin duhu. Da ya gama, ya yunƙura zai miƙe.

Sai injin ya ce bai yarda ba.

Gefen dama na gashin bakinsa, wanda yake murzawa da man 'ya'yan itacen almon kowace safiya, ya nutse cikin gam ya bushe tare da shi.

"Injiniya, lafiya?" in ji Malik.

"Ina ƙara dubawa ne," ya ce ta gefen baki, hawaye na zuba.

Ya ƙara dubawa har aka kira azahar. Daga ƙarshe Ustad Mirzaman ya ƙetaro titi da almakashin yankan kwano.

"Ɗana, milimita nawa zan bar maka?"

Ƙyas, aka raba su.

Gam kam ya kama siffar kan harsashin, wannan ba ƙarya. Sai dai da Malik ya gwada harsashi na farko, ya fito da zane-zane sirara a gefe guda, shatin gashi ɗaya bayan ɗaya. Na biyu ma haka.

Injiniya ya dafe rabin leɓensa da ya zama fili, ya gyara murya.

"Da gangan na yi. Waɗannan layukan su ke yanka iska. Sirri ne na manyan masana'antu, ba kowa ake nuna wa ba."

Malik ya juya harsashin a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo. Ya miƙa wa Ustad Mirzaman madannin, ya ce a fiƙe masa sabo kafin Juma'a. Sannan ya dubi Injiniya cikin girmamawa.

"Allah Ya ƙara ilimi. Ka kula min da gefen hagun nan, kada mai aski ya taɓa shi. Mutanen ƙetaren rafi ma suna neman madanni, ni zan turo maka su."