Hitar Mota Da Kaskon Iya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na zage kaina tas a gaban mutane ba, kuma da ƙarfi, har da nuna yatsa.

Matata ce ta yi haihuwar fari a Tambuwal, tsakiyar sanyi. Yarinyar ta zo 'yar mitsitsiya, har ungozoma ta ja mana kunne kada a bari sanyi ya taɓa ta. Bayan suna sai kakar matata, Iya, ta zo daga Kebbe za ta tafi da su wankan jego. Da sassafe na gan ta ta nufo motata da kasko cike da garwashi.

"Iya, ina za ki da wuta cikin mota?"

"Ɗumi za mu ji. Ko kashe mini ɗiya za ka yi?"

Na yi dariya, na ce motata 'yar Kwatano ce, tana da hita mai ɗumama ciki, maɓalli ɗaya zan murɗa ta roƙe ni in buɗe gilashi. (Ina da baki, wannan kowa ya shaida.) Na sa aka juye garwashin, ta rungume kaskonta tana harara ta.

Muna fita gari na murɗa. Wayyo Allah! Iska ce ta feso kamar an buɗe firji. Na jira inji ya yi zafi, na ƙara murɗawa, sanyin ma ya ƙaru. Yarinya ta fara wani siririn kuka da ban taɓa jin irinsa ba. Ga shi kuwa ni na zubar da wutar.

Na tsaya bakin wani ƙauye inda dattawa suka kewaye wutar kara. Suka taso suna yi mana sannu. Na ɗaga bonet. Ruwan lagireto bai ragu ba, inji da zafinsa. Na bi tiyo biyu da ke kai ruwan zafi cikin hitar, sai na tarar an cire su daga mazauninsu an haɗe bakinsu da guntun ƙarfe. Ruwa yana ta zagayensa, ko leƙa hitar ba ya yi.

Nan fa na samu abin hucewa.

"Jama'a ku duba! Wane jaki ne ya yi wannan aiki? Mutum ba kai ba ƙwaƙwalwa, ya tashi kashe mini 'ya!"

Dattawa suna taya ni, "Assha, assha." Ina cikin yi matata ta sauke gilashi kaɗan.

"Malam," ta ce a hankali, "ba kai na kas sa bakanike ya haɗe su da bazara ba? Kac ce tana gasa maka ƙafa, mi mutumin Sakkwato za shi yi da hita."

Wani tsoho ya juya yana tarin da na san ba tari ba ne.

Na bar inji ya huce, su Iya suka koma gindin wutar da jaririya. Na ɗauko sukundireba na kwance guntun ƙarfen, na mayar da kowane tiyo mazauninsa, na ɗaure, na cika lagireto da ruwan butar wani dattijo.

Ba mu yi nisa ba na ji ɗumi ya fara lasar ƙafata. Kuka ya ragu, ya ɗauke. Na leƙa madubi na ga yarinya ta kama nono. Alhamdulillahi! Saura kaɗan in yi hawaye.

Muna shiga Kebbe Iya ta miƙo kai kusa da kunnena.

"Maigida, jakin nan dai a yafe mashi, tunda shi yag gyara."

Yarinyar yanzu tana gudu, Iya kuwa ko a waya sai ta tambayi lafiyar jaki. Ni ma na ɗauki darasi: in na ga aikin banza a jikin motata, sai na fara tambayar matata a ɓoye kafin in buɗe baki.