Kujerar da Ta Kwantar Mini da Hannu

Shekarar da kuɗin mai ya fara ratsa Kano, na yanke wa kaina hukuncin cewa na wuce zaman tabarma. Na je Sabon Gari na sayo kujera mai makarin katako, na kafa ta a ƙofar gidanmu a Fagge, inda duk mai wucewa kasuwa zai shaida.

Ran Juma'a bayan na cika cikina da tuwo, na hakimce a kanta, na rataya hannun dama ta bayan makarin, yadda na ga manya suna yi. Barci ya sace ni. Kiran La'asar ne ya tashe ni. Na miƙa hannu zan ɗauki buta, sai ya langaɓe daga wuyansa, yatsu suka ƙi miƙewa. Nan take na fara salati, ina bar wa matata wasiyya.

Ita kuwa ta ruga ta kirawo Mama Ngozi, wata nas da ke sayen yadi a wajena. Ta mintsini bayan hannun, ta dubi kujerar, ta kwashe da dariya.

"Malam, ba shanyewar jiki ba ce. Jijiyar da ta bi ta damtsenka ka danne da katako. Za ta farfaɗo."

Ta ɗaure mini wuyan hannun da ɗan allo, wata biyu tana zuwa tana motsa mini yatsu. Allah ya saka mata da alheri, da hannun nake rubutun nan.

Amma har yau in na shiga gidan suna a Fagge, sai wani ya ɗaga murya: "A janye kujerun nan, a shimfiɗa wa Malam tabarma!"