Harafi Ɗaya Ya Rushe Bene

"...ya gajiya kuma, amaryata? Shigo a hankali, kar ki lanƙwasa min ƙusa da wannan ƙafar taki kamar faranti."

Jikar tsohon kafinta ce ta shigo shagon, malamar Turanci, daga makaranta take. Tsohon kuwa baki har kunne, yana kaɗa takardar da aka liƙa masa a ƙofa.

"Angona mai haƙori uku, yau ka tsinci na huɗu ne?"

"Bene na tsinta. Mai aski ya karanta min, ya ce za a ɗaga shagon nan sama. Ina hawa zan sake ki in auro mai hankali."

"Wa za ta kwashi tsohon da in ya yi atishawa garin katako ke fita?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

Ta karɓi takardar tana dariya, amma dariyar ba ta kai layi na biyu ba. An rubuta razed to the ground. Shekara arba'in da ɗaya kakanta yana shagon nan, a jikin katakon ƙofar ma yake zana tsawonta da fensir tun tana tatata.

"Kaka."

Tunda ta ce Kaka, ba ango ba, ya ajiye zarto.

"Kalmomi biyu ne masu sauti ɗaya. Mai askinka ya ɗauka raised ce, ta ɗagawa. Wannan da z aka rubuta ta. Nufinta a rushe gini har ya yi daidai da ƙasa, ko bulo ɗaya ba a bari ba."

Tsohon ya juya ya kalli ƙofar. Tausayi ya kama ta sosai.

"Wane irin yare ne ɗagawa da rushewa suke sa riga ɗaya?" ya ce a hankali. "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Karanta sauran, mai idon mujiya, kar ke ma ki yi min rabin aski."

Ta bi layin da yatsa, sai fuskarta ta saki.

"In an rushe, benen za a gina da gaske. Tsofaffin masu shago su kai sunansu kafin Alhamis, su za a fara ba wa sababbin shaguna. Kai kuma a hawan ƙasa za a sa ka."

"A ƙasa?"

"Sun ji labarin gwiwarka. Komai nisan jifa, ango."

"Ni da na taɓa hawa rufi da ƙyaure biyu a ka?"

"Zamanin da haƙoran suke cike. Gobe ka sa rigar kirki, ni zan kai ka. In mai aski ya kai ka, rijistar rusau zai yi maka."

Tsohon ya yi dariya har da tari.

"Kin ci, na fasa sakin."

Ya ɗauki guduma ya ɓamɓare katakon ƙofar, mai zanen fensir goma sha huɗu, ya share shi da hannun riga ya miƙa mata.

"Ungo sadakinki. Wannan dai ba da shi za su rushe ba."