Wutar da Ta Cinye Firjin Zuwairatu

Ranar Talatar makon jiya da hantsi, ina zaune a ƙofar gida ina jiran shayina ya huce, sai na ji "fau!" daga gidan maƙwabciyata Zuwairatu. Ƙauri ya biyo baya, sai ga ta ta fito a guje ba takalmi. Firjinta ne ya yi sallama da duniya.

Duk wanda bai san Zuwairatu ba a unguwarmu ta Safana, to bai taɓa jin ƙishi ba. Zoɓonta da kunun ayarta har daga garin Zakka ake zuwa sari. Amma ba zoɓon ne ya fito da ita ba takalmi ba. A firjin nan take ajiye allurar mahaifinta, Malam Sada, mai ciwon suga, kuma likita ya ja mata kunne cewa in maganin ya sha zafi, ya tashi aiki.

Wata biyu ke nan da Mai Girma Hasken Talakawa ya kawo mana sabuwar taransfoma. An yanka ƙyalle, an yi tafi, ya yi jawabi da lasifikar da aka haɗa da janareto, don ranar babu wuta. Tun daga nan wutarmu ta koyi hali biyu. Da safe ta zo kamar mai jinya, ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi, fanka na juyawa kamar roƙonta ake. Rana na ɗagawa kuma ta shigo kamar bijimin da ya tsinke igiya.

Zuwairatu ta aika aka kira Jinjiri mai gyaran rediyo. Ya tsugunna, ya shinshina bayan firjin, ya soka na'urar awonsa a bango.

"Yaya, dubi nan," in ji shi. "A jikinsa an rubuta wuta ɗari biyu da ashirin zuwa ɗari biyu da arba'in. Iyakar abin da cikinsa ke ɗauka ke nan. In ta ɗan hau ko ta ɗan sauka, yana haƙuri. Amma yau da safe na auna a shagona, ɗari da arba'in. Yanzu ga shi, ɗari uku cif."

"To, sitabilaizar da ka ce in saya fa?"

"Ai ita ta riga shi rasuwa."

Ta leƙa ɗaki ta ga tsohon yana gyangyaɗi, bai san me ake ciki ba. Ta kwashe kwalaben maganin ta sa a kula tare da ragowar ƙanƙara, ta zura hijabi, ta tare mai mashin, sai ofishin masu wuta.

Ta tarar da layi. Wani rungume da talabijin, wani da injin aski, kowa da gawarsa. Da layi ya zo kanta, ta gaida Oga, ta tambaye shi aiki da iyali, sannan ta faɗa mashi abin da Jinjiri ya auna.

Oga ya jawo kalkuleta cikin natsuwa. "Hajiya, ɗari da arba'in a haɗa da ɗari uku, a raba biyu, nawa ke nan? Ɗari biyu da ashirin. Daidai da abin da aka rubuta a firjinki. Wutarmu lafiyarta lau, ku ne ba ku son lissafi."

Allah ya ƙara wa Oga ilimi. Irinsu ne ake fitarwa kwas ƙasar waje.

"Ranka ya daɗe," in ji Zuwairatu, "in uwargida ta ba ka ɗanyen tuwo da rana, ƙonanne da yamma, sai ka haɗa ka raba biyu ka ce ka ci dafaffe?"

Mai talabijin ya tuntsure da dariya. Oga ya gyara hula ya ce za a kafa kwamiti.

A lokacin ne ta ji wani gurnani mai daɗi a kusurwa. Firji ne, fari tas, yana aiki abinsa.

"Naku bai ƙone ba, ranka ya daɗe?"

"Wannan ai a kan sola yake. Wa zai haɗa kayan ofis da wannan wu..." Sai ya kama bakinsa.

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta buɗe firjin, ta matsar da kwalaben lemon Oga gefe, ta jera maganin mahaifinta.

"Ke Hajiya! Nan fa ofis ne!"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ran tsoho ne a ciki. In kwamiti ya gama zama, sai in zo in kwashe."

Oga ya dubi layin, layin ya dube shi. Ya koma kan takardunsa.

Yau kwana tara ke nan. Malam Sada na samun allurarsa da sanyinta. Zoɓo dai ya tsaya, firjin na nan a zaure kaji na kwana a kansa, kwamiti kuma ba a gama zaɓen shugabansa ba. Kullum Zuwairatu sai ta je ta gaida Oga ta ɗauki magani, Asabar da Lahadi mai gadi ya buɗe mata.

Masu cewa hukuma ba ta amfanar talaka, su ji tsoron Allah. Ɗazu ma na ga Daudu mahauci shi ma ya nufi ofishin da cinyar saniya a kafaɗa.