Gajeren Yatsan Injiniya Ukasha

Duk unguwar Sintali babu mai kai irin na Ukasha. Allah ya zuba masa ilimin kwamfuta har ya fi ƙarfin hularsa, shi ya sa kullum take a karkace. Injiniya Datsau ake ce masa, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Abin da ya gano, wai kwamfuta tana da ɗan yatsa da take nuna inda ta ajiye kowane kaya a ƙwaƙwalwarta. Na sauran bayin Allah tsawonsa sittin da huɗu ne. Ukasha ya zauna ya sake ɗinka manhajarsa, ya datse nasa ya koma talatin da biyu.

"Gajeren yatsa ba ya cin wuri," in ji shi a teburin mai shayi, yana kaɗa makullin babur. "Inji ya sha iska, aiki ya yi gudu. Ku ba za ku gane ba."

Gaskiya kam, ƙananan hotuna kafin ka ƙifta ido sun buɗe. Abin da bai faɗa ba shi ne, gajeren yatsa iyakarsa kusa. Kaya ya haura giga huɗu, ko a gabansa yake, ba ya iya nuna shi.

Sai ga bikin Furera. Uwarta Hajaratu, goggon Ukasha, ta damƙa masa bidiyon ya gyara, don dangin ango za su taso daga Sunkani su kalla, kuma mutane ne da ba sa manta raini. Ya loda, manhaja ta sume. Ya sake, ta sake sumewa. Goggo ta ce ya mayar da manhajar yadda take a da mana. Ya ce shi ba ya komawa baya, bikin ne ya cika girma.

Sai ya hau yanka. Ya yanke kamu, ya yanke rawar uwar ango, ya yanke buɗar kai, har bidiyo ya samu shiga.

Ranar kallo aka baza tabarmi, aka dama fura. Bidiyo ya buɗe nan take, Ukasha ya waiga ya ga ko an lura. Tun daga farko har ƙarshe shi ne riƙe da makirufo yana jawabin godiya, gwiwar hannun amarya na leƙowa ta bayansa.

Uwar ango ta jira, ta jira, sannan ta jawo takalmanta.

"Adda Hajaratu," in ji ta a hankali, "shi wannan da aka yi wa bikin, wa ya aura?"