Allon Gargaɗin Ka-fi-Injiniya

"Ni da tafin ƙafata nake jin intanet yana wucewa a ƙarƙashin ƙasa!" Ka-fi-Injiniya ke nan, maƙwabcina mai gyaran rediyo, yana cika baki a ƙofar shagonsa. Shi ya raɗa wa kansa sunan. In ka kai masa rediyo mai tari, zai dawo maka da ita kurma, ya haɗo ka da sukurori a leda ya ce sun yi mata yawa.

Ka san ƙasarmu ba ta da teku, intanet kuwa ta ƙarƙashin teku yake fitowa. Sai aka jawo mana wata waya tun daga gaɓa, ta ratsa ƙasar maƙwabta, ta tsallako iyaka a binne, ta bi ta bayan layinmu ta nufi babban birni. A cikinta zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, haske ke gudu a ciki. Ita kaɗai gare mu, in ta yi atishawa duk ƙasar ta kamu da mura.

Kwatsam kamfanin da ke da wayar ya ce zai ɗauki mai gadin waya a unguwarmu, da kaki da babur. Tun da Ka-fi-Injiniya ya ji maganar babur ya daina barci. Har ya fara tafiya a tattale, wai yana sabawa da zaman babur.

"Baban yara," in ji matarsa, "ka bari su ɗauke ka tukuna mana."

"Ke me kika sani? Kafin su zo tantancewa, aiki zan nuna musu. Sai sun roƙe ni!"

Washegari ya rataya usur ya fara sintiri a inda wayar ta bi. Ya kori wata tsohuwa da ke shanya, wai ruwan wanki zai jiƙa intanet. Ya hana awaki kwanciya a wurin, wai nauyinsu ne ke sa hoto ya ƙi buɗewa. Wani bunsuru bai gamsu da bayanin ba, ya bi shi har ƙofar gida.

Daga nan ya koma kan 'yan turakun siminti da kamfanin ya kakkafa a gefen ramin da aka binne wayar don alama.

"Dubi shirme!" ya ce da ni. "Waya tana nan, alama tana can gefe. Su waye suka koya musu aiki?"

Na ce, "Wataƙila da gangan suka kauce mata."

"Tela, ka tsaya a kan allurarka."

Na ƙyale shi, don gaskiya ina son ganin ƙarshen wasan.

Ya tafi wurin ƙanin matarsa mai walda, ya sa aka ƙera masa allo da ƙafar ƙarfe mai tsini, doguwa kamar mashi. Mai fenti ya rubuta da ja: KADA A HAƘA NAN! DUK WANDA YA TAƁA WAYAR NAN ZAI GAMU DA NI. A ƙasa aka zana fuskarsa da gashin baki, aka sa lambar wayarsa, don kada kamfanin ya yi kuskuren ba wani babur ɗin.

Ya cire takalmi, ya taka nan ya taka can ido a lumshe, ya tsaya cak a tsakiyar inda aka cike ramin.

"Nan take! Ina jin ta tana yi mini cakulkuli."

"Yaya, a ɗan matsa gefe mana," in ji mai walda.

"Alama a kan abu ake sa ta. Miƙo guduma!"

Ya buga, allon ya karkace. Ya ce bai shiga ba ne. Ya tofa yawu a hannu ya ci gaba da dukan ƙarfe kamar wanda ya kama ɓarawo, gumi na zuba, har aka ji wani abu ya ce ƙas a ƙasa.

"Mene ne wannan?" in ji mai walda.

"Saiwa ce. Na gama da ita."

Bai gama sa takalmi ba unguwa ta rikice. Mai shagon kallon ƙwallo ya fito yana salati, 'yan kallo na biye da shi. 'Yan mata suka firfito suna ɗaga wayoyi sama. Zuwa la'asar rediyo, irin wadda ba ta taɓa shiga shagonsa ba, ta ce intanet ya ɗauke a ƙasar baki ɗaya.

Ka-fi-Injiniya ya hau benci ya busa usur. "Maƙiya ne daga tsallaken iyaka! Ku bar ni da su. Wanda ya yi wannan, da hannuna zan ɗaure shi in zagaya gari da shi!"

Da safe motar kamfani ta iso, da wata injiniya mai hular kwano da ma'aikatanta. Ya tare su da sara irin na soja.

"Ranki ya daɗe, ni ne mai gadinku na gobe. Ku biyo ni bakin iyaka, na san inda ɓarnar take."

"Ba sai mun je ba, Baba. Na'urarmu ta harba haske ta cikin wayar, ta nuna mana inda ya tsaya. Nan kusa ne."

Suka kama tafiya, shi a gaba yana kore mutane, unguwa duk tana biye. Da aka doshi allon sai tafiyarsa ta fara sanyi. Injiniya ta tsaya daidai gindinsa ta ce a haƙa.

"A'a, ranki ya daɗe, ba ki ga rubutun ba? An hana!"

Aka haƙa. Ga wayar nan, ƙarfen ya shige ta tsakiyarta ya fita ta ƙasa, ko gwanin harbi sai haka. Wallahi har tausayi ya ba ni, usur ɗin ma ya zame daga bakinsa.

Injiniya ta dubi ramin, ta ɗaga kai ta dubi zanen, ta juyo ta dubi gashin bakin na gaske.

"Na daɗe ina bin masu yanke mana waya," ta ce, "amma yau na fara ganin wanda ya bar mana hotonsa da lambarsa."

Daga bayan taro matarsa ta ɗaga murya: "Ku riƙe shi da kyau tun yana kusa, 'yar nan. In ya tafi ko kun kira ba za ta shiga ba, ya kashe sabis!"