Nomau da Makullin Ƙofar Tasha

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma zan rubuta wannan yadda ya faru. Mu uku ne a gidanmu a Tungar Gwanki: ni, da maigidana Malam Jatau wanda ɓarin jikinsa ya shanye shekara huɗu, da ɗanmu Nomau. Shekarar Nomau talatin da ɗaya. Ba ya ƙarya, ba ya sata, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Kullum tunanina ɗaya ne: in ba mu, wa zai ci da shi?

Da aka shimfiɗa layin jirgin nan mai gudu, ta tsakiyar gonarmu ya bi. Aka gina 'yar tasha, aka kewaye dogon da waya. Jirgin safe kaɗai ke tsayawa, shi ma minti biyu. Sauran wucewa suke kamar iska, har kwanukana su yi ƙara a kan kanta. Na yi ta sintiri wajen shugaban tashar, Malam Haladu, har ya ji kunyata ya ɗauki Nomau shara.

Wata rana Malam Haladu ya ce masa, “Manya za su zo daga birni. Share dandamalin nan tas, kada in ga komai a kansa.” Nomau ya share ƙasa da ganye, sannan ya kwashe jakunkunan fasinjoji, da buhun barkonon wata mata, da takalman wani dattijo da ke salla, ya kai su bola. Ya dawo ya tsaya a kan wani makaho da ke zaune, yana jira ya tashi. Ranar ni na bi gida gida ina ba da haƙuri.

Wata rana kuma laifina ne. Gwaggonsa Ladidi za ta asibiti a birni, na ce, “Nomau, riƙe mata jakar nan, kada ka saki sai ta zauna.” Suka shiga, suka tarar wani ƙato ya zauna a kujerarta. Gwaggo ta tsaya faɗa, ƙofa ta rufe kanta, jirgi ya tashi da Nomau. Ita kuwa Gwaggo don fushi ta rantse ba za ta zauna a wata kujera ba sai tata. A tsaye suka je birni. Kwana biyu ban sa komai a bakina ba, sai ga shi a bayan motar albasa, jakar na rungume a ƙirjinsa.

“Ina Gwaggo?”

“Sun kwantar da ita, Inna. Ba ta zauna ba.”

Malam Haladu ya kira ni ofis. Ya ce, “Inna, wallahi don darajarki ne. Sau ɗaya ya rage masa.” Ya cire shi daga shara ya mai da shi gadin wata 'yar ƙofa a jikin wayar. Da damina hanyar da aka haƙa ta ƙarƙashin dogo cika take da ruwa, sai ta wannan ƙofa mutane ke ƙetarawa zuwa gonaki da maƙabarta. Ya miƙa masa makulli ya ce, “Da azahar ka rufe. Kada ka buɗe wa kowa sai jirgin ƙarfe huɗu ya wuce. Ka ji? Kowa.”

Wata rana, Laraba ce, Malam Jatau ya cika da hantsi. Nomau ya yi kuka har ya gaji. Azahar na yi ya share fuska ya ɗauki makullinsa ya fita, ban ma lura ba. Aka yi wa Malam sutura, aka sallace shi bayan la'asar, wajen biyar saura aka ɗauki makara. Ina ɗaki cikin mata ina jin sawun maza yana nisa.

Ba a jima ba kwanukan kan kanta suka fara ƙara.

Jirgin ƙarfe huɗu ne. Duk ruɗewar ranar ba wanda ya lura bai wuce ba. Na san daidai lokacin suna kan dogo, mutum fiye da ɗari, da makara a kafaɗa, kuma ƙofar mutum bibbiyu take ci. Na miƙe tsaye.

Sai daga baya Liman ya ba ni labari. Ya ce sun isa suka tarar da kwaɗo a ƙofa, Nomau na tsaye. Malam Haladu ya tafi birni, ofis a kulle.

Liman ya ce, “Buɗe mana, Nomau. Ƙarfe huɗu ta wuce tuni.”

“Ƙarfe huɗu ta wuce, Malam. Jirginta bai wuce ba.”

Baffansa Shekarau ya matso. “Kai, ubanka ne fa a makarar nan. Gawa ba ta jira.”

“An ce kowa, Baffa.”

Baffa ya kwaɗa masa mari har leɓensa ya fashe. Samari suka kama shi za su ƙwace makullin, ya jefa shi a baki ya datse haƙora. Wani ya tafi neman guduma. Ana cikin haka, in ji Liman, iska ta ɗebe hulunan mutane, jirgin ya wuce kafin wani ya gama juyowa. Nomau ya tofo makullin, ya goge a rigarsa, ya buɗe, ya sa kafaɗa a makarar ubansa.

Ran sadakar uku Malam Haladu ya zo gaisuwa. Na sunkuyar da kai ina jiran ya karɓi makullinsa. Ya karɓa kuwa, sannan ya ciro wata igiyar fata ya zura makullin a ciki, ya rataya wa Nomau a wuya. Ya ce, “Muddin ƙofar nan na nan, Inna, nasa ne.”

Da suka watse na jiƙa tsumma ina gasa masa leɓen. Na ce, “Ba ka ji nauyin tsayar da babanka a rana ba?”

Ya yi tunani, yadda yake yi.

“Kowa ya yi mini faɗa, Inna,” ya ce. “Baba ne kaɗai bai yi ba.”